Wata huɗu ina tauna da gefe ɗaya

Tambayar farko da na yi wa likita bayan ya gama yi mini dashen haƙori ya ɗinke wurin ita ce, yaya zan yi da alwala? Ya riga ya tura mini auduga ya ce in cije ta na minti 30, sannan ya kafa mini doka: "Malam, daga yanzu zuwa gobe war haka kada ka kurkure baki, kada ka tofar da yawu da ƙarfi, kada ka zuƙi komai da tsinken shan lemo." Dalilinsa shi ne gudan jinin da ke rufe ciwon, wanda in ya fita jini zai dawo, warkewa ta ja baya. Da na tuna cewa a Malikiyya kurkure baki sunna ce, ba ya cikin farillan alwala, sai hankalina ya kwanta. Na yi La'asar har zuwa Azahar ɗin washegari ban sa ruwa a baki ba. Sujada ce ta ɗan ba ni wahala, domin da na sunkuya sai in ji wurin yana bugawa.

Abin da aka dasa mini a muƙamuƙin ƙasa 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom, a gurbin turmin haƙorin da na rasa. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe ya riƙe shi gam, kuma a 1965 ya fara dasa wa mutum. Kamun nan yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, kuma a kansa duk dokokin ci da sha suka rataya.

Ranar farko nono mai sanyi na sha, da kunun gyaɗa da aka bari ya huce sarai, saboda abu mai zafi yana tayar da jini. Kumburi ya fi yawa a kwana na biyu da na uku. Ƙanƙara a cikin tsumma nake ɗorawa a kumatu, minti 15 in sauke, in huta, in mayar. A nan na gane koko kaɗai ba ya riƙe mai jinya, jiri ya fara ɗibata. Maiɗakina ta koma yi mini alale mai laushi, da ƙwai, da kifi da ta zare wa ƙaya, da tuwon shinkafa ruwa-ruwa da miyar kuka ba barkono. Gwanda da ayaba kuwa ba su yanke a gidan ba.

Kuskurena a kwana na biyar ne. Bazazzagi da fate sai Allah, kuma a ganina abinci ne mai ruwa, ba ya buƙatar tauna. Ashe tsakin masara da ɓarzajjiyar gyaɗa suna shigewa tsakanin zaren ɗinki, tsamin yakuwa kuma ya yi ta cin ciwon. Har na ɗauko tsinken sakace, maiɗakina ta riƙe mini hannu ta ce, "Malam, don Allah kar ka taɓa wurin nan." Ruwan gishiri ya fitar da su, a hankali, sai da na maimaita sau uku. Daga ranar na jingine fate da dambu da duk wani abu mai tsaki-tsaki har aka cire ɗinki a kwana na 10.

Ruwan gishirin nan shi ne abokin tafiyata tun daga rana ta biyu: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, bayan kowane abinci. Ba a wasa da shi a baki kamar yadda muka saba. Guntsa ake yi, a karkata kai dama da hagu, a buɗe baki ya zube da kansa. Sauran haƙora ina goge su da burushi mai laushi safe da dare, domin baki mai datti shi ke kai wa ciwon ƙwayoyin cuta. Asuwaki kuwa na ajiye shi na 'yan makonni, saboda zarensa yana tsinkewa ya maƙale.

Lokacin da ya fi haɗari a wurina shi ne bayan zafi ya tafi. Dadashi ya rufe, baki ya koma daidai, rai yana raya maka cewa an gama, alhali a can ƙasa ƙashi bai gama kama ƙarfen ba. Ƙusar kuma ba ta da jijiya irin ta haƙori, ba za ta yi maka saurin gargaɗi ba in ka matsa mata. An ɗaura wani aure a Ƙofar Doka aka miƙo mini goro, na karɓa na yi addu'a na jefa a aljihu. Na sha wuce masu tsire da kilishi a Tudun Wada, da tulin rake a bakin titi, ban tsaya ba. Ba na shan taba, amma likita ya tambaye ni sau biyu, ya kuma duba sukarin jinina, don su biyun suna cikin abubuwan da suka fi lalata dashe.

A wata na huɗu aka ɗaura kan haƙorin a bisa ƙusar. Shi ba ya ruɓewa, amma dadashin da ke kewaye da shi yana iya kamuwa har ƙashi ya zaizaye, shi ya sa kowane dare nake bin gefensa da ɗan siririn burushin tsakanin haƙora. Fate ya dawo gidanmu. Rake kuwa har yau sai an feƙe mini an yanka ƙanana, kuma a ɗaya gefen nake tauna shi.