Shugaban ƙungiya ma yana buƙatar mai yi masa tambaya

Yawancinmu da ke jagorantar ƙungiyoyi masu zaman kansu a Arewa ba karatun shugabanci muka yi ba. Wani abu ne ya tsaya mana a rai, kamar yarinyar da aka cire daga aji biyar aka aurar, ko mai naƙudar da ta rasu a hanyar asibiti. Sai muka tara abokai, muka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, muka kama hayar ɗaki ɗaya. Kafin ka ankara kana da ma'aikata, da kwamitin amintattu, da mai ba da tallafi da ke jiran rahoto duk bayan wata uku. Kishin da ya kawo ka ba zai koya maka yadda za ka sallami ma'aikacin da kuke sallah a masallaci ɗaya da mahaifinsa ba.

Bita kam mun sha ta a otal-otal na Abuja da Kaduna, kuma na ƙaru da ita wajen tsara kasafi da rubuta takardar neman tallafi. Amma abin da ya fi gyara mini aiki shi ne zama da mai horarwa, mu biyu kawai, na kimanin awa ɗaya, a kai a kai. Ba ta ba ni umarni, ba ta kai rahotona wurin kowa. Tambaya take yi, sai ta yi shiru ta jira. Aikinta ya ginu ne a kan abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata rana ta ce: “Malam, idan ka kwanta jinya wata uku, wa zai sa hannu a cek, wa kuma hakimi zai yarda ya saurara?” Na ɗauki tambayar nan na yi wa shugabanni 'yan'uwana, kuma kaɗan ne suka iya ambaton suna. A wurinmu, daga nan muka fara tura mataimakiyata zaman fada, har dagatai suka saba da ita.

Me ya sa sai baƙuwa ce za ta yi wannan tambaya? Saboda shugaba ba shi da wanda zai buɗe wa ciki. Ma'aikata albashinsu na hannunsa, ga kunya irin tamu, amsarsu ba ta wuce “duk yadda ka ce, ranka ya daɗe”. Amintattu dattawa ne da ake jin nauyinsu. Mai tallafi kuwa ba ka nuna masa rauni, don kada a hana ka zagaye na gaba. Haka mutum zai yi shekaru yana yanke shawarar da ta shafi rayuwar jama'a ba tare da wani ya taɓa ce masa “ka tabbata?” ba.

Ga kuma jinkirin aikin. An kafa dokar kare haƙƙin yara ta tarayya a 2003, amma sai a 2023 Kano ta samu tata. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan sarakuna da malamai sun shigo ciki. Tallafi kuwa na shekara ɗaya ne zuwa uku. Wanda ba shi da mai tuna masa inda ya dosa, sai ya koma bin duk inda kuɗi ya karkata: bana ilimin mata, baɗi sauyin yanayi.

Na ga amfanin hakan ƙarara bayan 20 ga Janairun 2025, da Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, ayyukan USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, suka tsaya cak. Shugabanni da dama sun ruɗe suna neman kowane irin kuɗi. Mai horar da ni ta ce: “Wane aiki kuke yi kafin kuɗin waje ya zo, kuma wanne ne mutanen gari za su yi kewarsa?” Da amsar wannan muka zaɓi abin da za mu riƙe, muka kuma faɗa wa ma'aikata gaskiya da wuri.

Damuwata ita ce horon yana da tsada, kuma masu tallafi da yawa suna ganinsa alatu. Ƙungiyoyi irin su LEAP Africa, wadda Ndidi Nwuneli ta kafa a 2002, suna ƙoƙari wajen rainon shugabanni, amma yawancin irin wannan dama da Turanci take zuwa, daga Legas ko Abuja. Shugabar ƙungiyar zawarawa a Gumel ko Biu ba ta kai gare ta. Muna da gogaggu, misali iyayenmu mata da suka yi shekaru a FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun kafuwarta a Minna a 1985. Abin da ya rage shi ne a koya musu wannan salon na saurare da riƙe sirri, domin babba a wurinmu ya saba da yin nasiha, kuma haɗiye nasiha don a yi tambaya sai an koya. Ni dai yanzu duk kasafin da na rubuta sai na sa kuɗin wannan horo, nawa da na mataimakiyata, in an tambaye ni dalili kuma na zauna na yi bayani.