Abin da keken ɗinki ya koya mini

A shagon da na koyi ɗinki a nan Maradi, yaro ba ya taɓa yadin mutane sai ya iya kula da kayan aiki. Watannin farko shara ce da goge keke da hura gawayi a dutsen guga. Wasu sukan ce wahalarwa ce kawai, su gudu. Ni kuwa yanzu da nake da nawa yaran, da haka nake fara musu.

Hunturu ba ya raga wa ƙarfe. Ƙura takan shige ƙarƙashin allura, ta haɗu da burbushin zare da tsohon mai, ta daskare. Daga nan keke ya fara tsallake ɗinki, zare yana ta tsinkewa, wanda bai sani ba sai ya ce keken ne ya tsufa. Maigidana yakan tsayar da ni ina tsakar aiki, ya ce, "Kai yaro, me kake ji?" In ce, "Baba, kamar ƙarar ta sauya." Sai ya miƙo mini tsumma da man keke. Man keke fa, ba na gyaɗa ba, duk da arharsa a garin nan, domin na gyaɗa danƙo yake yi ya riƙe ƙarfe. Almakashin yanka kuwa ba a aronsa, ba a yanka takarda da shi.

Amfanin wannan horo ya fito fili a Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka kuma rufe iyaka. Kekunan lantarki suka yi shiru. Allura da sauran ƙananan kaya da muka saba samu daga Kano, ta Katsina da Jibiya, suka yi wuya. Telolin da suka ci gaba da sallamar masu kaya su ne masu tsohon keken ƙafa ƙirar Butterfly wanda ba a bari ya yi tsatsa ba, waɗanda in igiyar keke ta tsinke za su ɗaure ta da kansu, ba sai sun jira mai gyara ba.

Ina da keken lantarki, kuma ina jin daɗin saurinsa gab da Sallah. Amma na ƙafar yana nan bakin ƙofa, a kansa kowane sabon yaro yake farawa, kuma ba ya tashi da yamma sai ya goge shi ya rufe.