Baƙin yashin Dilimi da lakar ƙasan teku

Talata, tsakiyar Janairu. Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Da asuba sai da na ɗora ruwan alwala a wuta, kuma da gari ya waye ko duwatsun Shere ba a hangowa, hazo ya rufe su ruf. Na share baranda da ƙarfe bakwai, kafin in gama shirin makaranta ƙura ta sake kwanciya kamar ba a taɓa sa tsintsiya ba.

Tun makon jiya darasin 'yan aji biyar yake damuna. Littafinsu ya ce nahiyoyi suna tafiya, ya faɗa cikin layi biyu ya wuce. Yaran sun haddace tsaf, amma na ga a idonsu ba wanda ya yarda. Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai a aikin koyarwa ke nan, yaro ya rubuta amsa daidai alhali a zuciyarsa tatsuniya ya ɗauke ta. Shi ya sa jiya da yamma na ciro maganaɗisu daga wata matacciyar lasifika, na ƙulle shi a leda, na aiki ƙanena bakin rafin Dilimi ya ja shi cikin yashi. Ya dawo da ledar ta yi gemu, baƙin yashi ya manne mata tsaitsaye. Yawancinsa wani ma'adinin ƙarfe ne da ake kira magnatayit.

A aji na narkar da kyandir biyu a gwangwanin madara, na zuba a murfin kwalba, na barbaɗa yashin, na ajiye maganaɗisun a gefe. Nan take ƙwayoyin suka jeru layi-layi kamar sahun salla. Muka jira kakin ya daskare, na ɗauke maganaɗisun, sahun bai motsa ba. Na juya murfin, na girgiza shi, yana nan yadda yake. Aji ya yi tsit.

Sai na sake zuba wani murfin, wannan karon na juya maganaɗisun, kai ya koma ƙafa. Da ya daskare wani yaro daga baya ya taso ya duba biyun ya ce, "Malama, ai iri ɗaya ne." Gaskiyarsa. Ido yana ganin layin ne kawai, ba ya ganin wane ɓangare ne ke fuskantar arewa. Na ji daɗin maganarsa fiye da yadda na nuna, don daga nan labarin ya samu ƙofa. Sai da na'ura ake gane wannan bambancin, kuma da mutane suka fara aunawa sai suka ci karo da abin da ba su zata ba.

Duniya kanta maganaɗisu ce, narkakken ƙarfen da ke motsi can cikinta shi ke haifar da ƙarfin da ke juya allurar kamfas. Idan dutse ya fito a narke ya fara hucewa, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa sukan ɗauki fuskar wannan ƙarfi, su riƙe ta. Ga magnatayit zalla, wannan riƙon yana farawa ne idan zafi ya sauko ƙasa da digiri 580. A 1906 wani Bafaranshe, Bernard Brunhes, ya auna wani tsohon dutsen aman wuta a ƙasarsu ya tarar yana nuna kudu a inda ya kamata ya nuna arewa. A 1929 Motonori Matuyama na Japan ya nuna cewa abin ya danganta da shekarun dutsen, tsofaffi ne ke nuna baya. Yanzu an san arewa da kudu na maganaɗisun duniya sun yi musayar wuri sau ɗaruruwa, kuma cikakken juyi na ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

Na zana musu Tekun Atlantika a allo, da dogon tudun da ya ratsa tsakiyarsa a ƙarƙashin ruwa. A nan ƙasa ke tsagewa, narkakken dutse ya cike gurbin, ya huce, ya ɗauki fuskar zamaninsa, sannan a ture shi gefe wani sabo ya fito. Jiragen da suka ja na'urar awo a kan teku sun ga ƙasan ruwa ratsi-ratsi kamar saƙin zane, ratsi mai nuna arewa, ratsi mai nuna kudu, kuma na dama da tudun madubin na hagu ne. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews a Kambirij suka fassara ratsin. Wani ɗan Kanada, Lawrence Morley, ya gano haka a shekarar, mujallu suka ƙi buga masa. Wannan ya taɓa yaran, wata ta ce, "Allah sarki." Daga baya aka je aka haƙo dutsen da hannu. Jirgin Glomar Challenger ya fara aiki a 1968, ya jera ramuka a kudancin Atlantika, aka tarar iya nisanka da tudun iya tsufan abin da ke ƙasa. Kowane ɓangare yana matsawa kamar santimita 2 a shekara, kusan yadda farce ke tsiro.

Na ce musu mu ma muna ciki. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 baya, tsagar ta miƙo reshe ta cikin ƙasarmu, reshen bai ƙarasa buɗewa ba, shi ne kwarin Binuwai. Teku ya taɓa shiga ciki, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka a ƙarƙashin wannan ruwan ta kwanta.

Ana saura minti biyar wata yarinya mai yawan shiru ta ɗaga hannu. "Malama, idan arewa ta koma kudu, alƙibla ma za ta canza?" Ajin ya juyo gaba ɗaya. Na ce mata a'a. Duniyar ba ta kifewa, rana za ta ci gaba da fitowa daga inda take fitowa, Makka tana nan inda take, mu ma muna nan. Allurar kamfas ce kaɗai za ta juya, sai a sake mata fenti. Kuma ba abin dare ɗaya ba ne, juyin yakan ɗauki dubban shekaru. Ta gyaɗa kai, na ga hankalinta ya kwanta, aka kaɗa ƙararrawa.

A ɗakin malamai ban yi hira da kowa ba, na sha shayi na koma kan abin da ban samu lokacin faɗa musu ba, wato laka. Dutsen ya fi suna, amma ni lakar ce ta fi kama mini zuciya. Dutsen ƙasan teku yana da gaurayen titaniyam a ƙarfensa, ruwan gishiri yana cinsa a hankali, ƙarfin maganaɗisunsa yana raguwa da tsufa. Laka kuwa sauka take yi, ƙwaya bayan ƙwaya, a wurare masu zurfi santimita kaɗan cikin shekara dubu. Kowace ƙwayar ƙarfe tana lilo cikin ruwa, ta daidaita da arewar ranar, ta kwanta, wata ta danne ta. Har akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu ƙera sarƙar magnatayit a jikinsu don su san sama da ƙasa a cikin taɓo. Idan sun mutu sarƙar takan zauna a lakar, ita ma da tata shaidar.

Yadda ake ɗauko ta yana burge ni. Kamar haƙa rijiyar burtsatse ne, sai dai daga kan jirgi, kuma sai bututun ya ratsa ruwa mai zurfin kilomita uku ko huɗu kafin ya taɓa ƙasa. Kowane zuwa yakan fito da sandar laka mai tsawon mita 9.5 a cikin bututun roba. A yanka ta gunduwa-gunduwa, mita ɗaya da rabi kowace, a tsaga kowace biyu a tsaye kamar rake. Rabi na aiki ne, rabi na ajiya. Na ajiyar ake turawa cikin na'urar awon maganaɗisu mai aiki da tsananin sanyi, ta bi shi tana karantawa. Akwai wata matsala kuma. Shi kansa bututun haƙar ƙarfe ne, yakan shafa wa lakar nasa maganaɗisun, don haka sai an bi a hankali an kankare wannan sabon shafen mataki-mataki kafin na asali ya bayyana. Idan ya bayyana, sai a ga nan arewa, nan kudu, nan arewa, a gwada da jadawalin juye-juyen da aka riga aka san shekarunsu, a ce wannan taɓon shekarunsa kaza.

Kuma ƙurar nan da na share da safe tana cikin lissafin. Iskar hunturu tana kwaso ta daga kwarin Bodele a Chadi, ta bi ta kanmu, wadda ba ta sauka a barandarmu ba ta wuce teku. A 1986 jirgin JOIDES Resolution ya yi haƙa a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma lakar da aka ɗauko kusa da Moritaniya ta nuna ƙurar Sahara ta ƙaru sosai wajen shekara 5,500 da suka wuce, lokacin da ƙasar da ke da tafkuna da ciyawa ta koma hamada. Na daɗe ina kallon tagar ɗakin malamai, gilashinta ya yi ja da ƙura.

Bayan la'asar na biya gida wajen Baba, na tarar da shi a zaure ya lulluɓa da bargo, rediyo a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa murfin. Ya kai shi kusa da ido, ya shafa da babban yatsa, ya yi murmushi.

"Uwata, wannan ai dattin kuza ne. Mu zubar da shi muke yi."

Baba ya yi shekaru yana aikin kuza a wajen Bukuru tun yana saurayi, daga ɗaukar ƙasa a kwanon sarki har ya kai ga tsayawa kan injin tacewa. Ya ba ni labarin da na sha ji amma yau na saurara da wani kunne. Bayan an wanke an shanya, sai a zuba a kan bel ya bi ta ƙarƙashin maganaɗisu. Baƙin ƙarfen nan shi ke fara tsalle ya manne, tun ƙarfin injin yana ƙasa. A ƙara ƙarfi, wani ma'adinin da ake kira kwalambayit ya biyo. Kuza kuwa ko a jikinta, ta wuce abinta ta zuba a buhu. Ya ce da ya ji nauyin yashi a tafin hannu ya san abin da injin zai ɗauka da abin da zai bari.

Na ba shi labarin jirgin da lakar. Ya saurara har na gama bai katse ni ba, sannan ya rage muryar rediyo.

"To tsaya. Ƙarfen haƙa juyawa yake yi. Kafin abin ya iso sama ya yi juyi nawa? Wa zai ce nan ne arewarsa lokacin da yake kwance?"

Na yi shiru, don wannan ita ce ainihin matsalar da masu aikin ke fama da ita, ga shi mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya cafko ta daga zaure. Na ce masa sama da ƙasan sandar dai ba sa ɓata. Ƙarfin maganaɗisun duniya kuma ba a kwance yake tafiya ba, a arewacin duniya yana sunkuyawa cikin ƙasa, a kudanci yana ɗagowa sama. Saboda haka idan an haƙa a arewa aka ga ƙwayoyin sun sunkuya, zamani irin namu ne, idan sun ɗaga kai, zamanin juyi ne, ko da ba a san ina sandar ta fuskanta ba. Yawan sunkuyon ma yana faɗin nisan wurin daga tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, a lokacin da ya kwanta, da haka ake gane inda wani yanki ya taso.

"A tsakiyar fa?"

A nan ne wuyar take, na ce. A tsakiya allurar kwance take, ba sunkuyo ba ɗagawa, kuma layin da hakan ke faruwa ya ratsa arewacin Najeriya, ba nisa da mu. A irin wuraren nan sai an haɗa wata na'ura da bututun da ake cusawa cikin laka mai taushi ba tare da juyawa ba, ta rubuta inda ya fuskanta a lokacin da ya shiga. Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Yawwa. Sai an yi alama tun a rami. Mu ma buhun da ba a rubuta ramin da ya fito ba, ba ya da amfani ga mai neman jijiyar kuza."

Da na gaya masa an sallami JOIDES Resolution a 2024, bayan yana wannan aiki tun 1985, ya yi tsaki irin na wanda ya ga an rufe ma'aikatu da yawa a rayuwarsa. Ni ma abin yana yi mini ciwo, don tekun da ke gabanmu ba a gama karanta shi ba. Ya tambayi inda aka kai lakar. Na ce tana ɗakunan sanyi guda uku, a Bremen ta Jamus, da Texas a Amurka, da Kochi a Japan, kuma ta Atlantika tana Bremen. Mai bincike daga kowace ƙasa yana iya rubutawa ya nemi a ɗebo masa.

"Har ke?"

Na ce sai in na koma karatu. Ya dube ni bai ce komai ba, ya sa murfin a aljihun rigarsa. Na ce Baba na aji ne, gobe 'yan ɗaya ajin za su gani. Ya ce in sake narka wani kyandir, wannan nasa ne.

Na dawo gida ana kiran magariba. Babu wuta, da fitilar waya nake wannan rubutu, yatsuna sun ƙage. Kyandir ɗaya ya rage a gidan, ina so in kunna, amma na gobe ne. Sauran baƙin yashin yana cikin leda a kan tebur, zai isa aji biyu in na yi tattali.