Yarinyar benci na ƙarshe

Shekarata ta uku da fara koyarwa a wata firamare a nan Zinder aka ba ni ajin CE1, wato aji uku. A benci na ƙarshe akwai wata yarinya 'yar shekara 8, kullum gyangyaɗi, kayanta na zarnin fitsari, yara na kiranta amalala. Sau biyu na zane ta da bulala, ina ganin lalaci ne. Har yau in na tuna yadda ta miƙo hannu ko kuka babu, sai zuciyata ta yi nauyi.

Wata Alhamis na bi ta gida a unguwar Birni. Ashe an saki uwarta, an kawo ta riƙo wajen goggonta. Tun kafin asuba take bin layin famfo da bido, kuma kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram in zafi ya yi. Fitsarin kwancen ma sai bayan rabuwar iyayen ya dawo, alhali ta daɗe da dainawa.

Na ce, "Hajiya, mu kai ta asibiti." Ta ce, "Madam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma haka aka rene mu." Ba muguwar mace ba ce, ina shaida, abin da ta gada ne. Da kyar ta yarda.

An auna fitsarin, don ciwon mafitsara ko na suga na iya kawo haka. Ba a ga komai ba. Sai aka tura mu wajen wani masanin halayyar yara. Bai tsare ta da tambaya ba, takarda da fensir ya ba ta. Ta zana gida, da wata mace tsaye a waje. Ya bayyana mana cewa yaron da bakinsa ya kasa faɗin damuwa, jikinsa ke faɗa, kuma gori da duka ƙara abin suke. A wajensa na fara jin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14, wato tun suna hannunmu mu malamai.

Goggo ta daina shanya tabarmar da yarinyar ta jiƙa a ƙofar gida, ta rage mata ɗibar ruwan asuba, ta bar ta zuwa wajen uwarta ran Juma'a. Ni kuwa na dawo da ita gaba kusa da allo, na ba ta aikin raba alli. Sai wajen watan Afrilu na fara jin muryarta a aji.