Talata, 8 ga Afrilu 2025: Houston ta sake barin kofi a bakin ƙofa

Yau ban yi barcin kirki ba, kuma na san ba zan yi ba sai na amayar da abin da ke cina a rai. Ƙarfe biyu saura minti goma na dare agogonmu aka fara fainal ɗin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, Houston da Florida, can a San Antonio, su wajensu dare bai yi nisa ba, mu kuma nan Samaru ko karnuka sun gaji da haushi. Tun bayan isha'i na jona waya da fawa bank a caji don na san halin wutarmu, aka kuwa ɗauke wajen sha ɗaya, ɗaki ya zama tanda, sai na fito da tabarma tsakar gida na jingina wayar da buta na zauna ina korar sauro. Ƙanena ya ce in tashe shi, sau biyu ina tashinsa, sai da aka dawo hutun rabin lokaci ya fito yana mutsittsika ido.

Ni Houston nake yi kuma gadonta na yi daga kocinmu, tsohon da ya koya mana riƙe ƙwallo tun muna 'yan firamare. Shi bakinsa ba ya rabo da labarin 1983, lokacin da Hakeem Olajuwon ɗan Legas yake Houston tare da su Clyde Drexler, kowa ya gama ba su kofi, sai ga NC State, ana 52 da 52 a daƙiƙun ƙarshe Whittenburg na NC State ya wurgo ƙwallo daga nesa ko kusa da kwando ba ta kai ba, Lorenzo Charles da ke tsaye a ƙarƙashi ya cafe ta a sama ya danna, 54 da 52, shi ke nan. Jifan da ya lalace shi ya zama fas. Olajuwon aka ba gwarzon gasar duk da an cinye su, shekarar da ta biyo kuma Georgetown ta sake doke su a fainal. To tun daga nan ban taɓa jin sunan Houston ba sai na ji kamar ana binmu bashi. Ƙanena kuwa Florida yake yi saboda Rueben Chinyelu, dogon yaron nan ɗan Najeriya da ya bi ta makarantar da NBA, babbar gasar ƙwararrun Amurka, ta buɗe a Senegal, ya ce shi nasa yake bi na yanzu ba na tarihi ba, ban yi masa musu ba don ni ma duk sanda yaron ya yi tsalle ya ƙwato ƙwallo sai na ji daɗi a raina.

An tafi hutu Houston na da 31 Florida 28, aka dawo suka ƙara wuta har 42 da 30, maki goma sha biyu. Walter Clayton na Florida, wanda ya zuba wa Auburn maki 34 ran Asabar a zagayen 'yan huɗu, ko maki ɗaya bai ci ba a rabin farko, duk inda ya juya mutum biyu ne a kansa, in ya ba da fas kafin ta sauka wani ya riga ya rufe wancan. Wallahi difens ɗin Houston kamar an ɗaure mutum biyar da igiya ɗaya, wannan ya matsa wancan ya cike gurbi, ba mai kallon wani ya ce ba nawa ba ne. Na ce wa ƙanena je ka kwanta kawai, yau ranar kocin Houston Kelvin Sampson ce, dattijo ɗan shekara 69 ya daɗe yana jira.

Sai abu ya fara zamewa a hankali. Will Richard ne dama ya riƙe Florida da jifan maki uku tun farko, ya ƙare da 18, sai Clayton ya farfaɗo, sai fawul ya yi ta taruwa, sai ka ga maki sha biyun nan ya narke kamar ƙanƙara a watan nan. Saura daƙiƙa 46 Alijah Martin ya jefa na fawul biyu duk suka shiga, Florida ta wuce 64 da 63. Houston ta ɗauko, Emanuel Sharp ya kutsa, aka taɓa ƙwallon ta bugi ƙafarsa ta fita waje. Florida ta ƙara ɗaya, 65 da 63, saura ƙasa da daƙiƙa 20, ƙwallo a hannunmu. A nan netwok ya tsaya min cak, hoto ya daskare, na miƙe tsaye ina ɗaga waya sama a tsakar gida kamar mai neman wata, da ya dawo sai na ga Sharp ya fito ya karɓa a bayan layin uku ya yi sama zai jefa, Clayton ya taso masa da gudu hannu a miƙe, yaron ya ga in ya saki za a kaɗe ta, in ya sauko da ita a hannu kuma laifi ne, sai ya sake ta ƙasa, kuma doka ba ta ba shi damar ya fara taɓa ta ba. Ƙwallo na ta tsalle ita kaɗai a fili, yana tsaye yana kallonta yana kare ta da jiki ko wani nasu zai iso, Alex Condon na Florida ya yi sufa ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Hari biyu na ƙarshe ko jifa ba mu samu mun yi ba.

Ƙanena ya yi ihu har Mama ta leƙo ta taga ta ce lafiya, na ce lafiya lau Mama ƙwallo ce, ta ce Allah ya shirye ku. Ni kam zama na yi a tabarma, kyamara ta nuna Sharp ya tsuguna ya dafe kai da hannu biyu, Clayton da ya hana shi jifan shi ne ya je ya dafa shi. Wannan hoton ne ya tsaya min har aka kira assalatu.

Bayan na dawo masallaci na ɗan runtsa awa ɗaya da rabi, takwas na fita. Wajen mai shayi na tarar da abokina wanda muke buga gasar hasashe tare a WhatsApp duk shekara, tun daga nesa yake min dariya, kafin in zauna ya ce ai na gaya maka wannan gasar caca ce kawai, sa'a ta fi manyan kaya. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce, dole in faɗi gaskiya. Tim 68 aka zuba bana, wasa ɗaya tak in an cinye ka ka tattara kayanka, minti 40 kacal, ba kamar NBA ba da sai an ci ka sau huɗu cikin bakwai kafin a sallame ka. Ya ce Florida minti ɗaya da 'yan daƙiƙu kawai ta yi tana gaba a duk wasan nan amma ita ta ɗau kofi, wannan in ba rabo ba mene ne. Ya kawo jami'ar Fairleigh Dickinson (FDU) ta 2023, wadda ko gasar rukuninsu ba ta ci ba, Merrimack ce ta doke su a fainal amma doka ta hana ta shiga don ba ta gama shekarun hawowa babban mataki ba, aka ba FDU gurbin, suka zo su ne mafi gajarta a ƙasar gaba ɗaya suka fitar da Purdue mai Zach Edey, 63 da 58. Ya kawo Virginia, 2018 ta zama tim ta farko da aka sa a matsayi na ɗaya ta sha kashi a hannun mai matsayi na 16, wato na ƙarshe, jami'ar UMBC ta yi mata 74 da 54 bayan ɗan wasanta De'Andre Hunter ya karye a hannu ana gab da farawa, 2019 kuma ta ɗau kofi bayan ta tsallake rijiya da baya har sau uku, har da wasan Auburn da rafali bai ga laifin Ty Jerome na Virginia ba kafin a ba abokin wasansa Kyle Guy jifan fawul uku.

Na ce masa tsaya, ita Virginia ɗin da kake faɗa ka sake kallon wasansu da Purdue na 2019. Ƙwallo ta fita can baya bayan an ɓarar da jifan fawul, Kihei Clark ɗan aji ɗaya ya bi ta da gudu har bayan rabin fili, maimakon ya wurga ta kwando don ruɗewa kamar yadda yawancinmu za mu yi, sai ya ɗaga kai ya hango Mamadi Diakite ɗan Gini ya aika masa da hannu ɗaya, shi kuma ya sake ta nan take ta shiga aka tafi ƙarin lokaci. Inda ƙwallon ta faɗi rabo ne, na yarda, amma ɗaga kan nan da sanin inda ɗan'uwanka yake tsaye ba daga sama ya faɗo ba, an yi shekara ana gumi a kansa. Haka Villanova a daƙiƙun ƙarshe na fainal ɗin 2016, Arcidiacono yana iya jefawa da kansa ya zama gwarzo, ya juya ya miƙa wa Kris Jenkins da ke biye da shi. Kuma bana fa duk tim huɗun da aka sa a matsayi na ɗaya su suka kai zagayen 'yan huɗu, abin da sau ɗaya ya taɓa faruwa a 2008, in caca ce zalla ya aka yi manyan duk suka iso.

Ya ce to in haɗin kai ne ke ba da kofi me ya sa taka Houston ba ta ɗauka ba, ai duk gasar ba wanda ya kai su. Nan kam shiru na yi, na kurɓi shayina da ya riga ya huce, don nan ne ciwon yake.

Duk yinin a shago ina auna wa mutane kaya raina na can. Abin da na yi ta juyawa shi ne mu ma fa ran Asabar an yi mana rana. Duke na gaba da maki 14, saura ƙasa da minti ɗaya ma suna gaba da shida, muka ci tara a jere aka tashi 70 da 67, kuma a ciki akwai busar da aka yi wa Cooper Flagg na Duke wajen ƙwatar ƙwallo wadda har yau 'yan Duke ba su yafe ba, da rafali ya haɗiye usur ɗinsa da wataƙila yau ba ni da abin rubutawa. Ranar ban ce sa'a ba, cewa na yi jajircewa. To yau da ta juyo kaina bai kamata in ce an yi mana rashin sa'a kawai ba, don da na sake kallon harin ƙarshen da rana a nutse sai na ga Florida ba tsayawa ta yi tana addu'a ba, sun bi kowane mutum, sun toshe L.J. Cryer namu da ya ci 19, Clayton ya baro can ƙarƙashi ya iso kan Sharp a daidai lokacin, Condon kuma bai jira busa ba. Da makaminmu aka yanka mu. Shi kuma Alijah Martin da ya jefa biyun nan, shi ne fa yake jami'ar Florida Atlantic a 2023 lokacin da Lamont Butler na San Diego State ya jefa musu ta ƙarshe ana busa tashi, 72 da 71, a zagayen 'yan huɗu. Ya sha ɗacin, ya dawo bayan shekara biyu ya tsaya a layi hannunsa bai yi rawa ba. Ni abin da na gani ke nan, aikin tare shi ke kai ka minti na ƙarshe kana da rai, yana kai ka sau da yawa har ƙofa, amma ba ya rantse maka cewa za a buɗe, kuma Houston sau uku ke nan tana isowa.

La'asar sakaliya na je fili, jikina duk a mace amma yara na jira. Koci na zaune a bencinsa da carbi, yana ganina ya ce ɗana an sake ko, na ce an sake Baba. Ya ce shi bai kalla ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, da safe jikansa ya gaya masa. Na ba shi labarin harin ƙarshe, bai ce komai kan sa'a ba, tambaya ɗaya ya yi, ya ce lokacin da yaron ya saki ƙwallon ina sauran huɗun suke. Na ce sun yi nisa, kowa ya tsaya inda aka tsara masa yana jiran jifa. Ya girgiza kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Sai na tara yaran na ce yau abu ɗaya za mu koya, wanda Houston ta yi wa Purdue a zagayen 'yan 16 ana 60 da 60 saura daƙiƙa biyu da ɗoriya. Milos Uzan ya jefo daga ƙarƙashin kwando ya ba Joseph Tugler, mai tsaronsa ya juya ya bi wani, shi kuma ya shigo fili a guje Tugler ya mayar masa nan take ya ajiye ta a kwando. Sau takwas muna gwadawa ba ta yi ba, dogon cikinsu duk sanda ya karɓa sai ya juya ya jefa da kansa, na ce masa kai ba kai za ka ci ba, aikinka ka mayar, ya ɓata rai ya ce Yaya ai ni na fi kusa. A karo na tara ƙaramin cikinsu mai silifas ɗaya da takalmi ɗaya ya jefo, ya shigo, dogon ya mayar masa ba tare da ya kalle shi ba, yaron ya ɗaga ta, ta yi zagaye biyu a bakin ƙarfen nan namu da ya karkace, ta faɗo waje. Duk suka yi tsaye suna kallona. Koci daga benci ya ce ku sake, haka ɗin dai, kar ku canza komai. Muka sake har aka kira magariba, ta shiga sau huɗu.

Yanzu sha ɗaya saura, an kawo wuta, ƙanena ya sa hoton Chinyelu a sitatus ɗinsa kuma na danna masa alamar so. J'Wan Roberts nake ta tunani, shekara shida yana Houston, shi ya jefa biyun da suka wuce Duke, jiya ne wasansa na ƙarshe a rigar. Gobe da sassafe zan je ɗauko kaya Sabon Gari, bari in sa waya a caji in kwanta.