Yau Inna ta kira sunana

Talata, dare ya raba. Ina kan tabarmar nan ta gefen gado, idona kamar an zuba barkono, amma barci ya ƙi.

Da farko dai alhamdulillahi, aiki ya yi kyau. Jiya da la'asar aka fito da ita daga tiyata. Likita ya ce hanjin da ya murɗe sun warware shi, sun yanke ɗan guntun da ya lalace suka haɗe sauran. Na ga saƙonninku, Allah ya bar zumunci. Yanzu gida gaba ɗaya abu guda muke jira, wai sai Inna ta yi tusa kafin a fara maganar abinci, don ita ce alamar hanji ya farka. Ƙanena Sani ya kira sau huɗu yana tambaya ko "an samu labari". Mutum da gemunsa! Na yi dariya har maƙwabciyarmu ta gado na shida ta leƙo.

Dariyar ba ta daɗe ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafin Afrilu ya sauko mana. Inna ta buɗe ido. Leɓenta ya tsattsage, harshenta ya yi fari fat, magana ma da ƙyar take fita saboda robar da ke hancinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, ruwa." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, sun ce tukuna." Ta rufe ido. Can ta sake, na sake ba ta haƙuri. A karo na uku ta kama hannuna, ta dube ni sosai, ta ce, "Hauwa'u. Ruwa ma sai na roƙe ki?"

Ku da kuka san mu kun san ni ce 'yar fari. Shekarata 41 ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko a gaban malaman makarantarmu "yarinyar nan" take cewa, bayan na haihu na koma "uwar su Ummi". Ina ƙarama na sha kwanciya ina tunanin yadda zai yi daɗi a muryarta. Ashe ranar da zan ji, ina zaune ne da robar ruwa a jakata ina hana ta. Matar da ko almajiri ya tsaya a zaure sai ta aika masa da moɗa kafin ta ji abin da ya kawo shi. Matar da ke azumin Litinin da Alhamis a tsakiyar bazara ba ta taɓa cewa wash ba.

Gwaggo Lami tana gefe, tuni ta zaro 'yar jarkar zamzam daga cikin mayafi. "Hana ruwa ai sai kafiri. Wannan kuma magani ne, ba ruwa ba." Na riƙe jarkar, ta riƙe, muna ja kamar yara. Kunya ta ishe ni, na fita neman Sista.

Ta dare ce mai faɗa, wannan ta safen Allah ya yi mata haƙuri. Na tambaye ta abin da ke cina: leda nawa ta ƙarin ruwa aka sa tun jiya, kowace rabin lita, to ƙishin na mene ne? Ta ce jiki ya samu ruwa, baki ne bai samu labari ba. Cikin alluran da ake yi lokacin sa barci akwai mai busar da yawu, ga robar hanci ta sa da baki take numfashi, ga tun daren Lahadi ba abin da ya bi ta maƙogwaronta sai amai. Ta ce tsofaffi ma ba su cika jin ƙishi da wuri ba, kuma gaskiya ne, a gida sai mun bi Inna da kofi. Don haka in tsohuwa ta buɗe baki ta roƙa, abin ya kai. Amma in ta kwankwaɗi kofi guda yanzu, ciki bai motsa ba, zai dawo, kuma tsoho in ya ƙware ruwan kan bi ta huhu. Nan ne ake samun ciwon da ya fi na farko.

Sai ta ce bari ta tambayi likita ko zai yarda da ƙanƙara. Na zaci wasa take. Ta ce a'a, sanyi yana kashe ƙishi fiye da ruwa mai ɗumi ko da yawansu ɗaya ne, domin a baki akwai jijiyoyin da ke jin sanyi, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa an sha tun abin bai kai ciki ba. Likita ya yarda, da sharaɗin kaɗan-kaɗan, kuma ban da ta 'yan bakin ƙofa da ba a san ruwanta ba. Abban Ummi ya kwaso ta firjinmu a fulas, ya taho a guje kan babur.

Sista ta ɗaga kan gadon. Ta sa Inna ta faɗi inda take, ta yi tari, ta haɗiyi yawu, ta tambaye ta ko zuciyarta na tashi. Sannan ta fasa ƙanƙarar, ta ɗebo guntu kamar ƙwayar gyaɗa a cokalin shayi, ta ce, "Mama, kada ki tauna, ki bar ta ta narke." Inna ta rufe baki. Na ga kumatunta ya ɗan motsa, kafaɗunta da ke a ɗage tun safe suka sauka a hankali. Ɗigo ɗaya ya gangaro ta gefen leɓe, ta bi shi da harshe ta mayar. Ta ce, "Alhamdulillahi," da ƙarfin da ban ji ba tun Asabar.

Zamzam ɗin ma bai tashi a banza ba. Sista ta ce a jiƙa auduga da shi a riƙa goge mata leɓe da dasashi, a bi da basilin. Gwaggo ta karɓi aikin tana hura hanci, wai dama abin da ta ce ke nan.

Ummi ta ci gwajin lissafi. Gas ya ƙare a gida. Ban yi la'asar ba sai dab da magariba.

Bayan isha'i na ba ta guntu na biyar, ta tsotse, ta ce, "Ke 'yar nan, gyara min filo." Shi ke nan, an koma gidan jiya. Na gyara. Ban san ko ta tuna abin da ta faɗa da rana ba, ni kuma ba zan tambaya ba. Sani na ba shi labari a waya, ya ce zafin ciwo ne kawai, in daina sa abu a rai. Wataƙila. Shi ai kullum ana kiran nasa.

Na girgiza fulas yanzu, sauran ƙanƙarar duk ta zama ruwa. Sai Abban Ummi ya kawo wata da asuba, in an bar mana wuta.