Mun sayi doki, ba mu tanadi harawa ba

Shekara shida na yi a sashen tsare-tsare na wata hukumar sufurin birni. Ranar da ba na mantawa ita ce wadda na shiga gareji na tarar da sabbin bas-bas ɗinmu jere a kan bulo, shekara biyu kacal da ƙaddamar da su. Shugaban kanikawa, dattijon da a haife ya haife ni, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yallaɓai, burkin wannan muke cirewa mu sa wa waccan. Kun sayi doki, ba ku tanadi harawa ba."

Da hannuna dumu-dumu a ciki. Ni na rubuta takardar neman tallafin da aka sayo motocin da na'urorin biya da kati. Idona na kan Landan, inda aka fito da katin biyan kuɗin mota na Oyster a 2003, aka kuma daina karɓar tsabar kuɗi a bas a 2014. Ban tsaya na lura ba cewa tallafin na sayen kaya ne, sau ɗaya tak. Albashin direbobi da mai da taya kuwa kullum ci suke yi, ga shi ba mai son ɗaukar nauyinsu, tunda ba a gayyatar 'yan jarida ranar canza taya.

Daga nan na bar kujerar ofis, na ɗauki littafi ina bin layuka ina ƙirga masu hawa da sauka. A wata tasha na tambayi wata mai goyo ko katin ya sauƙaƙa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kati yana nan a jaka. Motar ce dai ba ta zo ba."

Maganarta ta sa na koma na nazarci abin da birnin Houston na Amurka ya yi a 2015. Sun sake zana layukan bas ɗinsu gaba ɗaya ba tare da wani ƙarin kuɗi mai yawa ba, manyan layuka suka koma mota na zuwa duk minti 15 ko ƙasa da haka. Mu ma muka haɗe layukan da ke kewaye-kewaye. Mun sha zagi daga waɗanda tasharsu ta yi nisa, kuma wasunsu da gaskiyarsu. Muka kuma samu aka keɓe wa bas gefen wani babban titi, dabarar da Curitiba ta Brazil ta yi suna da ita tun 1974. Motar da ba ta maƙale a cunkoso ba takan ƙara sawu da direba ɗaya, wannan ma kuɗi ne.

Sai korona ta zo a 2020, fasinjoji suka ɗauke ƙafa, asirin kowa ya tonu. Hukumar sufurin Landan ɗin da nake koyi da ita, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigarta daga fasinja yake, dole ta nemi ceto daga gwamnati.

A nan na fara duba inda wasu ke samun kuɗin da ba ya yankewa. A Los Angeles jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2016 suka yarda da ƙarin harajin rabin santi a kan kowace dala ta sayayya domin sufuri. Kamfanin jirgin ƙasa na MTR a Hong Kong yana samun riba daga gine-ginen da ke kan tashoshinsa, amma sai inda fili ke da tsada. Na Faransa ne ya fi kwanta mini: tun 1971 aka fara a yankin Paris, masu ɗaukar ma'aikata suna biyan wani kaso bisa jimillar albashin da suke bayarwa, yanzu ya hau kan mai ma'aikata 11 zuwa sama a yankunan da ake karɓarsa. Ai wanda bas ke kawo wa ma'aikata kowace safiya, yana cin moriya ko bai taɓa hawa ba.

Buƙatu uku muka kai gaban majalisar birni: asusun ko-ta-kwana, ƙa'idar cewa ba za a sake sayen mota ba sai an nuna kuɗin kula da ita har ta tsufa, da kuma doka da za ta ware mana kaso daga kuɗin ajiye motoci a titi. Biyun farko sun wuce. Ta ukun, wadda ita ce mai tsoka, tana hannun kwamiti har na bar aiki. Dattijon nan ya riga ni ritaya, ya bar bas uku a kan bulo.